Fim ɗin Interstellar: da gaske awa ɗaya za ta iya zama shekara bakwai, kuma me kuke gani game da ƙarshensa?

Nasiru Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman ra'ayinku a kan fim ɗin Interstellar, wanda Christopher Nolan ya ba da umarninsa, ya fito a watan Nuwamba na 2014. Na san fim ɗin ya kwana biyu, amma har yau duk lokacin da aka ambace shi a majalisarmu ta nan Agege sai musu ya kaure, kuma a kan abubuwa biyu ake yin sa.

Na farko shi ne duniyar nan da ruwa ya malale ta baki ɗaya, inda aka ce awa ɗaya a kanta daidai take da shekara bakwai a duniyarmu. Cooper, jarumin fim ɗin, da abokan tafiyarsa sun sauka, suka yi 'yan awanni, da suka koma babban kumbonsu sai suka tarar da Romilly, wanda suka bari yana jiransu, ya yi furfura, domin shekara 23 ta wuce masa. Wasu daga cikinmu sun ce wannan tatsuniya ce da aka saka wa rigar kimiyya don a sa mai kallo kuka, wasu kuma sun dage cewa abu ne da masana suka tabbatar. Ina so wanda ya karanci fannin ya raba mana gardama.

Na biyu shi ne ƙarshen fim ɗin, inda Cooper ya faɗa cikin baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya da yake janye komai cikinsa har haske ma ba ya kuɓuta, maimakon ya halaka sai ya tsinci kansa a bayan kantar littattafan ɗakin 'yarsa Murph, yana aika mata da saƙo ta hannun agogo. Ni a ganina a nan ne fim ɗin ya saki hanyar da ya ɗauko, domin ya shafe fiye da awa biyu yana nuna mana cewa lissafi ba ya tausayin kowa, sannan a ƙarshe ya ce ƙauna ce ta warware matsalar. Abokaina sun ce ban fahimce shi ba ne. To, me kuka gani?

Malam Sabi'u (Surulere) ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Ina koyar da kimiyyar fiziks a makarantar sakandare, kuma wannan tambaya ta farko ɗalibai suna yawan kawo mini ita, saboda haka bari in ɗan tsawaita.

Asalin maganar ba ƙirƙirar masu fim ba ce. A 1915 Albert Einstein ya kammala nazarinsa a kan ƙarfin ja, wato ƙarfin da yake riƙe mu a doron ƙasa kuma yake riƙe duniyarmu a kewayen rana, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da nazarin ya nuna shi ne cewa lokaci yana tafiya a hankali a kusa da abu mai tsananin nauyi, idan aka gwada shi da yadda yake tafiya a nesa da abun. Wanda yake wurin ba zai ji wani canji a jikinsa ba, agogonsa zai ci gaba da bugawa yadda ya saba, sai ya dawo ya haɗa agogonsa da na wanda ya bari sannan bambancin ya bayyana.

An auna wannan, kuma direbobin da suke bin taswirar waya a titunan Legas suna cin moriyarsa kullum ba tare da sun sani ba. Taurarin ɗan Adam na tsarin GPS suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, inda ƙarfin ja ya ragu, saboda haka agogunansu suna wuce namu da kashi 45 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, gudun da suke yi kuma yana rage kashi 7, sai ya zama saura 38. Adadin kamar ba komai ba ne, amma da injiniyoyi ba su gyara shi ba, da kuskuren da wayarka take yi wajen nuna inda kake zai riƙa ƙaruwa da kusan kilomita 10 a kowace rana.

Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya kai wannan ƙa'ida maƙura. Shekara bakwai ta ƙunshi awa fiye da 61,000, kuma kafin a sami irin wannan tazara dole duniyar ta kasance dab da baƙin rami mai girman gaske. Kip Thorne, masanin da ya yi wa fim ɗin aikin lissafi kuma ya rubuta littafi a kan kimiyyarsa a 2014, ya nuna cewa hakan zai yiwu ne idan ramin ya kai nauyin rana miliyan 100 kuma yana juyawa da gudun da ya yi kusa ƙwarai da iyakar da ƙa'ida ta yarda. Wato lissafin bai hana ba, amma samun irin wannan rami a zahiri abu ne mai matuƙar wuya. Thorne kuwa ba ƙaramin malami ba ne, domin a 2017 ya sami kyautar Nobel tare da Rainer Weiss da Barry Barish saboda aikin na'urar LIGO, wadda a watan Satumba na 2015 ta gano girgizar da haɗuwar baƙaƙen ramuka biyu ta haifar.

Haka kuma siffar ramin da muka gani, mai zoben haske a tsakiya da wani hasken ya lanƙwaso ta samansa da ƙasansa, daga lissafin Thorne aka zana ta a kwamfuta, har masu aikin suka wallafa maƙala a mujallar kimiyya a 2015. Sun dai sassauta abu ɗaya da gangan: a gaskiya gefen zoben da yake tahowa wajen mai kallo ya kamata ya fi ɗaya gefen haske nesa ba kusa ba, amma aka daidaita su don kada mai kallo ya ruɗe. Da masana suka fitar da hoton farko na baƙin rami a watan Afrilu na 2019, na rukunin taurarin M87, an ga zoben haske kewaye da duhu, gefe ɗaya ya fi haske.

Game da tambayarka ta biyu, kimiyya ba ta da abin cewa, domin babu wanda ya san abin da yake cikin baƙin rami. Daga lokacin da Cooper ya tsallaka bakin ramin, hasashe ne na mai labari, kuma da ma'aunin labari ya kamata a auna shi.

Alhaji Garba (Mile 12) ya amsa:

Nasiru ɗana, Malam Sabi'u ya yi maka bayanin taurari, Allah ya ƙara masa ilimi. Ni ɗan kasuwar kayan gwari ne, 'ya'yana ne suka kunna mini fim ɗin suna fassara mini, kuma abin da ya riƙe ni shi ne farkonsa, tun kafin kowa ya hau kumbo. Ku matasa kuna saurin wuce wannan ɓangaren don ku kai wurin baƙin rami, alhali a nan ne dalilin tafiyar yake.

An nuna duniya da cutar amfanin gona ta cinye alkama, ta zo ta kama kuɓewa har manomi yana cinna wa gonarsa wuta da hannunsa, saura masara kaɗai, ita ma ana jiran ranarta. Ƙura ta zama abokiyar zama, har mutane suna kife kwanoni a kan tebur kafin a zuba abinci. Wanda ya taso a Arewa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Mun ga farin 1973, muka ga yadda cutar gyaɗa ta 1975 ta durƙusar da noman da Kano take alfahari da shi. A 2016 kuma tsutsar tumatir, wadda manoma suke kira sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, mu kuma a nan kasuwar muka ga motoci sun daina shigowa yadda suka saba, farashin kwando ya ninka ya sake ninkawa. Tsutsa ɗaya ce ta yi wannan a kan amfani ɗaya. Mai fim ya tambaya ne: idan abin ya bi dukkan amfanin gona ɗaya bayan ɗaya fa? Yarana sun gaya mini cewa tsofaffin da aka nuna suna ba da labarin ƙura a farkon fim ɗin, yawancinsu mutanen gaske ne da suka rayu a lokacin bala'in ƙurar da ya faɗa wa manoman Amurka a shekarun 1930, kuma an ji hakan a muryarsu.

Sai maganar tafiyar Cooper. Ya bar yarinya 'yar shekara goma tana kuka ta ƙi yi masa sallama, ya tafi nema wa iyalinsa mafita, ya yi alkawarin dawowa bai san ranar ba. Wannan ai ɗan ci-rani ne, irin waɗanda suka cika Mile 12 da Alaba Rago da Ijora, waɗanda suka baro yaro yana rarrafe suka koma suka tarar yana tambayar wane ne wannan baƙon. Wurin da Cooper ya zauna yana kallon saƙonnin shekara 23 a zama ɗaya, ɗansa ya yi aure, ya haihu, ya binne ɗan fari, surukinsa ya rasu, duk yana kallo ba ya iya mayar da amsa, a nan na ce wa yaran su tsayar da fim ɗin tukuna. Saboda haka ban ga laifin ƙarshensa ba. Tun farko labarin uba da 'ya ne, kumbo da taurari hanya ce kawai da aka bi.

Maman Hanifa (Idi-Araba) ta amsa:

Baba Alhaji, ina gaisuwa, kuma na yarda da kai cewa labarin iyali ne. Sai dai a kan ma'aunin iyalin ne nake da ƙorafi, domin 'ya'ya biyu Cooper ya bari, amma fim ɗin ya yi kamar ɗaya ce.

Tom, babban ɗan, shi ne ya karɓi gonar, shi ne ya riƙa aika wa mahaifinsa saƙo shekara da shekaru ba tare da ya sami amsa ko sau ɗaya ba, a lokacin da Murph ta yi fushi ta ƙi cewa uffan. Duk da haka sai aka mayar da shi mai taurin kai da ya ƙi fitar da matarsa da ɗansa daga ƙurar da take kashe su, kuma da Cooper ya farfaɗo a tashar da take kewaya duniyar Zuhal (Saturn), yana da shekara 124 a lissafin duniya, ba mu ji ya tambayi ina Tom ba, ko da kalma ɗaya. Ya shiga ɗakin da Murph take kwance ta tsufa, jikoki da tattaɓa-kunne sun cika ɗakin, su ma jininsa ne, amma babu wanda ya gaishe shi, shi ma bai nemi sanin sunan kowa ba. A gidan Bahaushe da an kwana ana gabatar da su ɗaya bayan ɗaya. Bayan 'yan mintuna kuma ya ɗauki kumbo ya sake tafiya. Idan ƙauna ce jigon fim ɗin, to, ƙauna ce mai zaɓe.

Abu na biyu, ban ji daɗin yadda aka ɗora wa Dakta Brand, mace ɗaya tilo a cikin matafiyan, jawabin nan na cewa a bi zuciya wajen zaɓen duniyar da za a je ba. Masaniya ce kamar sauran, tana da hujjar kimiyya cewa duniyar da masoyinta Edmunds ya riga ya sauka a kanta ta fi dacewa saboda ta fi nisa da baƙin ramin, amma aka sa ta jingina da soyayya har maza suka yi watsi da ra'ayinta. Daga baya ta tabbata ita ce mai gaskiya, domin Dakta Mann, wanda aka zaɓi zuwa duniyarsa ta ƙanƙara, ƙarya ya yi a bayanan da ya aiko don kawai a zo a cece shi. Abin da ya ɗan wanke fim ɗin a wurina shi ne cewa Murph ce ta warware lissafin da ya ceci mutane, kuma sunanta aka sa wa tashar, ba sunan mahaifinta ba kamar yadda shi ya zata.

Bashir Obalende ya amsa:

Yaya Nasiru, ina bayanka a kan ƙarshen, kuma ina da ƙari. An ce mutanen da za su zo nan gaba ne suka buɗe ƙofar ratse a kusa da Zuhal, wato gajeriyar hanyar da matafiyan suka bi zuwa waɗancan duniyoyin, suka kuma gina wurin da Cooper ya faɗa don ya ceci kakanninsu. To, idan sai da taimakonsu kakannin suka tsira, su ta yaya aka yi suka wanzu har suka kai ga ba da taimakon? Labarin yana cizon wutsiyarsa, kuma fim ɗin bai damu ya amsa ba.

Malam Sabi'u, akwai kuma abin da nake so ka duba mana. Da za su bar duniyarmu sai da aka harba su da katafaren roka mai hawa-hawa, irin na zamanin Apollo, amma a duniyar ruwa, wadda aka ce ƙarfin janta ya fi namu da kashi 30 cikin 100, ƙaramin jirginsu shi kaɗai ya tashi ya fice, ya kuma sake yin haka a duniyar ƙanƙara. Ina ya sami man? Kuma mutanen da suka san awa ɗaya shekara bakwai ce, ta yaya ba su lissafa cewa matar da ta riga su sauka ba ta fi awa ɗaya da wani abu da isa ba a agogon wurin, saboda haka saƙonta ba hujja ba ce? Sai bayan abokin tafiyarsu Doyle ya mutu a can suka tuna.

Kiɗan Hans Zimmer yana da daɗi, musamman inda Cooper yake ƙoƙarin haɗa jirginsa da kumbon da yake juyawa, amma a wurare da yawa yana danne maganar 'yan wasa, wanda yake kallo a waya ko ƙaramin talabijin kuwa dole ya dogara da rubutun ƙasa, a fim mai tsawon minti 169. Ni na fi son The Martian na 2015, inda Matt Damon, wanda shi ne Dakta Mann a nan, ya maƙale a duniyar Mars ya noma dankali ya rayu, kowace matsala aka warware ta da lissafi a gaban idonka.

Tambaya ta ƙarshe: wani abokina ya ce ai Alƙur'ani ya riga ya faɗi wannan a ƙissar Ashabul Kahfi da suka yi shekara 309 suna zaton yini ɗaya ne ko sashensa. Haka ne?

Malam Sabi'u (Surulere) ya sake amsawa:

Bashir, maganar roka gaskiyarka ce, kuma ba ni da abin kare fim ɗin da shi. Jirgin da zai iya ficewa daga duniyar da ta fi tamu ƙarfin ja ba ya bukatar roka mai hawa-hawa don ya bar tamu. Haka gajimaren ƙanƙarar da ke rataye a sararin duniyar Mann, ƙanƙara ba ta da ƙarfin da za ta tsaya haka. A gefe guda kuma ka ba su hakkinsu: sun bar sararin samaniya shiru babu ƙara, domin sauti ba ya tafiya inda babu iska, ko fashewar da ta kashe Mann daga waje ba a ji ta ba, kuma kumbon yana juyawa ne don matafiya su sami nauyin tsayuwa, wanda dabara ce ta gaskiya. Tafiyar shekara biyu zuwa Zuhal ma ba ta wuce hankali ba ga fasahar da ta fi tamu, ko da yake kumbon Cassini da aka harba a 1997 sai a 2004 ya isa.

Batun Ashabul Kahfi kuwa, ina ba da shawarar a raba su. Abin da ya same su aya ce daga ayoyin Allah, barci aka sa musu a cikin kogo a nan doron ƙasa, babu baƙin rami babu gudu. Abin da Einstein ya bayyana ƙa'ida ce da take aiki a kan kowa da komai, ana iya auna ta da agogo. Idan muka ɗaure tafsiri a jikin nazarin kimiyya, ranar da masana suka gyara nazarin sai mu rasa abin faɗa. Tafsirin a bar wa malamansa.

Game da labarin da yake cizon wutsiyarsa, fim ɗin ya ɗauki matsayin cewa abin da ya faru ya riga ya faru, Cooper bai canza komai a baya ba, shi ne dama fatalwar da Murph take zaton tana ɗakinta tun tana ƙarama. Masana fiziks sun tattauna irin wannan zagayen, kuma ba ya karo da kansa a lissafi, sai dai ba ya gamsar da mai tambayar daga ina abin ya faro.

Nasiru Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, zan kai wa majalisa maganar GPS, domin ita ce za ta fi shiga kunnen direbobin cikinmu. Baba Alhaji, na karɓi bayaninka a kan farkon fim ɗin, amma a kan ƙarshensa ina nan a inda nake, kuma maganar Maman Hanifa ta ƙara mini hujja. Abin da Cooper ya aika wa Murph ta hannun agogo bayanai ne da mutum-mutumin TARS ya tattaro daga cikin ramin, kuma da su ta kammala lissafinta, saboda haka ilimi ne ya ceci mutane, ƙauna aikinta kawai ta nuna masa ɗakin da zai aika saƙon da kuma wadda za ta koma ta ɗauki agogon. Da fim ɗin ya tsaya a haka da ban yi ƙorafi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne fito da Cooper da rai a kusa da Zuhal, daidai lokacin da jirgi zai tsince shi kafin iskarsa ta ƙare, bayan Doyle da Romilly sun mutu a kan abubuwan da ba su kai faɗawa baƙin rami haɗari ba.